Tambarin Sirri da Umarnin Alƙali: Daga Mar-a-Lago zuwa Bakin Dajin Rugu

Ranar 8 ga Agusta 2022 jami'an FBI suka shiga gidan Donald Trump, tsohon shugaban Amurka a lokacin, da ke Mar-a-Lago, suka fito da akwatunan takardu, wasu ɗauke da tambarin sirri. A Yunin 2023 aka gurfanar da shi kan tuhuma 37, daga baya suka zama 40. Ranar 15 ga Yuli 2024 Mai Shari'a Aileen Cannon ta kori ƙarar. Ba ta ce bai aikata ba. Cewa ta yi naɗin mai gabatar da ƙarar, Jack Smith, ya saɓa wa tsarin mulki. Nan fa Amurkawa suka rabu gida biyu. Magoya bayan Trump suka ce dama bi-ta-da-ƙulli ne, tunda an samu irin takardun a garejin Joe Biden amma ba a tuhume shi ba. Masu adawa da shi suka ce ai shi ya naɗa alƙaliyar a 2020.

Mai sauraron rediyo a Batsari ko Safana, a bakin dajin Rugu na Jihar Katsina, zai iya ɗaukar wannan a matsayin rigimar masu abu da abinsu. Amma akwai abin lura a ciki. Tun 1978, bayan abin kunyar Nixon, dokar Amurka ta ce takardun shugaban ƙasa mallakar jama'a ne, ba nasa ba. Shi ya sa hukumar adana tarihinsu ta iya lura cewa wasu sun ɓace, ta bi sawu. Can ana faɗa ne a kan mutumin da ake zargin ya tafi gida da sirrin gwamnati. A Nijeriya kuwa gwamnatin ce da kanta take fakewa da sirri, har ta sa shi gaba da umarnin alƙali.

Babu misalin da ya kai na Kanal Sambo Dasuki, ɗan Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, wanda ya riƙe ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a zamanin Jonathan. An kama shi a Disambar 2015 bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. Zargi ne mai nauyi, kuma duk wanda ya binne ɗan'uwa a shekarun Boko Haram yana da haƙƙin jin yadda aka yi da kuɗin. Kotuna daban-daban suka ba da belinsa. Ya cika sharuɗɗa, jami'an DSS suka sake damƙe shi a ƙofar gidan yarin Kuje. A Oktoban 2016 Kotun ECOWAS ta ce tsare shi haramun ne, a sake shi, a biya shi diyyar naira miliyan 15. Shiru. Sai ranar 24 ga Disamba 2019 ya fito, bayan shekara huɗu.

Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, bai ɓoye dalilinsa ba. A taron ƙungiyar lauyoyi na Agustan 2018 ya ce bin doka yana ƙarƙashin tsaron ƙasa da maslaharta. Da yawa a Katsina sun goyi bayansa, kuma ba don son kai na ɗan gida kaɗai ba: sun gaji da ganin manyan da ake zargi suna karɓar beli su tafi asibitin waje, shari'a ta bi ruwa. Wannan hujja ce ta gaske. Rauninta shi ne ta bar wa mai ƙara ikon yanke wanda ya zama barazana, da hujjar da shi kaɗai ya gani. Kuma me aka samu? Shekara huɗu na tsarewa ba su kai ga hukunci a kan Dasuki ba. Talaka bai ga lissafin makaman ba, kotu kuma ta fito da mutuncinta a zube.

Abin ba a kan Buhari ya fara ba, ko da yake Dokar Soja ta 4 ta 1984 da ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian, saboda labarin naɗin jakadu, tasa ce. Kwamitin Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan Adam ya gayyaci Buhari da Babangida da Abdulsalami, babu wanda ya je. Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cewa kwamitin ba shi da ikon tilasta musu, rahotonsa kuma gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. A Disambar 2014 wata kotu a Abuja ta hana Obasanjo fitar da littafinsa My Watch, ya yi bikin ƙaddamar da shi abinsa. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan daram, kafaɗa da kafaɗa da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, kuma ma'aikacin da aka tambaya fayil ya san wadda ya fi tsoro.

Ga mutanen bakin dajin Rugu, wannan ba darasin aji ba ne. A 2019 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi sulhu da 'yan bindiga. A Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙaramar hukumar Batsari. A Disambar shekarar aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara, aka sako 344 cikin mako guda, hukumomi suka ce ba a biya ko sisi ba, babu takardar da mai shakka zai duba. Kuɗin tsaro da ake kashewa ba tare da cikakken bayani ba, wanda ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 ya kai dala miliyan 670 a shekara, da sunan mutane irin waɗannan ake fitar da shi.

Ba wai a daina sirri ba. Sunan mai kawo wa jami'ai rahoto daga ƙauye, in ya fita, ransa ne. Abin da ya kamata shi ne sirri ya kasance yana da wa'adi, yana kuma da alƙalin da zai iya duba shi a ɗaki a rufe, sannan in ya yi hukunci a bi. Takardun sulhu da na kuɗin tsaro kuma su wuce rumbun adana tarihi na ƙasa, irin reshensa na Kaduna, ba ɗakin karatun tsohon shugaba ba.

A Janairun 2026, bayan sabon sulhun da ƙananan hukumomi irin su Batsari da Safana suka shiga a 2025, wata wasiƙa mai tambarin sirri daga Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Katsina zuwa ga Babban Joji ta fito fili. Batunta sakin mutum 70 da ake tuhuma da ta'addancin daji. Gwamnati ta kare matakin da cewa sulhun ya sa an sako ɗaruruwan mutanen da aka sace, kuma manomin da ya koma gonarsa zai iya yarda da ita. Sai dai shi manomin, kamar sauran jama'ar jihar, ya ji labarin wasiƙar ne bayan wani ya ɗauki hotonta ya saka a intanet.