Gwajin ƙwayoyin halitta da gane nau'in kifin wel da teku ya jefo gaɓa

Wel, wanda ake kira kifi ko da yake dabba ce mai shayarwa, yakan mutu teku ya jefo shi gaɓa. Kafin masana su iso, sau da yawa gawar ta kumbura, launinta ya sauya, har ido ba ya iya bambance nau'inta. Lamarin ya fi tsanani a dangin wel masu dogon baki, waɗanda nau'o'insu sun haura 20, kuma haƙoran da ake bambance su da su ba sa fitowa sai a bakin manyan maza.

Saboda haka ake yanko 'yar fata, a ciro DNA, a karanta jerin wani ɓangare da ake gada ta wajen uwa kaɗai, sannan a gwada shi da jerin nau'o'in da aka riga aka tantance.

A ƙarshen Disamban 2010, wata uwa mai tsawon mita 5.3 da ɗanta suka mutu a gaɓar Opape da ke Nuzilan. Jami'an kula da namun daji suka ɗauka nau'in Gray ne, wanda aka saba gani a can, suka ɗebi samfuri suka binne su. Da masana a Jami'ar Auckland suka yi gwajin, sai ya bayyana Mesoplodon traversii ne, nau'in da kimiyya ba ta taɓa samun cikakken jikinsa ba. Abin da aka sani game da shi a lokacin bai wuce ƙasusuwa uku ba: muƙamuƙin da aka tsinta a tsibirin Pitt a 1872, da ƙoƙon kai biyu, ɗaya daga cikinsu a tsibirin Robinson Crusoe na Chile a 1986. Ba don samfurin nan ba, da ƙasa ta cinye shaidar. An wallafa sakamakon a 2012, bayan an tono ƙasusuwan da amincewar al'ummar Maori ta yankin.

Gwajin ya shiga siyasa ma. A 1994, Scott Baker da Stephen Palumbi suka wallafa binciken da suka yi kan naman wel da aka sayo a kasuwannin Japan, inda suka gano naman nau'o'in da dokar ƙasa da ƙasa ta hana farautarsu.

A Yulin 2024 teku ya sake jefo wani namijin Mesoplodon traversii a yankin Otago. A Disamba aka feɗe shi tare da wakilan Maori, aka iske cikinsa na da ɗakuna tara.