Gasar da Ake Ci da Tafiyar Hawainiya

Daga 1948 zuwa 1972, rundunar sojin ruwan Amurka ce ke karɓar baƙuncin gasar ƙananan jiragen sama na wasa, domin jawo matasa aikin soja. A wannan zamani ne aka ƙirƙiro gasar kwaikwayon sauka kan jirgin ruwan yaƙi. Matuƙi kan tsaya tsakiyar fili, yana sarrafa jirginsa da siraran wayoyi, jirgin na kewaya shi: zagaye bakwai a guje, bakwai a hankali, sannan ya sauka kan dandamalin katako, ƙugiyar wutsiyarsa ta kamo igiya. Gwargwadon tazarar gudun biyu, gwargwadon makin. Rundunar ta janye, gasar ta ɗore, kuma har yau sassauta gudu ba tare da faɗuwa ba shi ne ma'aunin gwani.