Rigar Baƙin Ƙarfe a Jikin Harsashi: Ita Ke Cinye Bututun Bindiga?

Har zuwa wajen shekarar 1880, harsashin soja dunƙulen dalma ne kawai, tsirararsa, kusan irin wanda maharba ke ɗurawa a bindigar toka. Dalma tana da nauyi da taushi, ba ta cutar da bututun bindiga. Matsalarta ɗaya ce: idan gudu ya yi yawa, sai ta soma narkewa tana shafuwa a cikin bututun, saiti ya lalace.

A 1882 wani hafsan sojan Suwizalan, Eduard Rubin, ya fito da dabarar sa wa dalmar riga ta jan ƙarfe. Bayan shekara biyu, Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi marar hayaƙi, mai tura harsashi da gudun da ba a taɓa gani ba. Daga nan riga ta zama dole. Tambayar da ta rage ita ce da wane ƙarfe za a ɗinka ta, kuma me za ta yi wa bututun da take gogawa. Cikin bututun ba sumul yake ba. An yanka masa tsagogi masu murɗewa, su ne ke cizon harsashi su juya shi kamar katantanwa don ya tafi sak. Ranar da suka suɗe, bindiga ta zama sanda mai ƙara.

Darasi na farko Ingila ce ta biya kuɗinsa. A 1888 ta ɗauki bindigar Lee-Metford, mai tsagogi marasa zurfi, waɗanda aka tsara don tsohon baƙin albarushi. Da aka koma sabon albarushi mai suna kodayit, bututu ya riƙa ƙarewa kafin harbi 6,000. Rigar harsashin kuwa ba a canza ta ba, gaurayen jan ƙarfe da nikel ce tun farko. Abin da ya canza shi ne wutar. Kodayit na farko kashi 58 cikin ɗari nasa naitirogilisarin ne, zafinsa yana babbake maƙogwaron bututu, wato daidai wurin da harsashi ke fara tafiya. A 1895 aka zurfafa tsagogin, aka sami Lee-Enfield, daga baya kuma aka rage naitirogilisarin zuwa kashi 30. Injiniyoyin zamanin sun gane cewa babban mai cin bututu shi ne iskar wuta mai zafi da matsi, gugar riga tana biye ne a baya.

To me ya kawo baƙin ƙarfe cikin maganar? Talauci, ko kuwa yaƙi, wanda shi ne talaucin ƙasashe. Jan ƙarfe yana da tsada, ga wayoyin lantarki da na sadarwa suna jiransa, ga kwanson harsashi shi ma na tagulla ne. Jamus ta daɗe tana yin riga da baƙin ƙarfe mai laushi, ta lulluɓe shi da siririn fatar jan ƙarfe ko gaurayensa, kuma yaƙe-yaƙen duniya biyu sun ƙara tura ta kan wannan hanya. Amurka ma, duk da arzikinta, ta yi hakan a Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙarancin ya kai ga a 1943 ta buga kwabonta da baƙin ƙarfe don a tara jan ƙarfe a kai fagen fama.

Tarayyar Sobiyet ce ta mayar da dabarar lalura ta zama ɗabi'a. Harsashin 7.62x39 da ta ɗauka a 1943, wanda daga baya ya zama abincin AK-47, rigarsa baƙin ƙarfe ce mai shafen jan ƙarfe, cikinsa ma akwai sandar baƙin ƙarfe. Cana da ƙasashen Gabashin Turai suka kwaikwaya. Mafi yawan harsasan da suka cika Afirka tun zamanin Yaƙin Cacar Baka irinsu ne. Maganaɗisu yana kama kansu, kuma da haka ake gane su. Sobiyet ta shafe cikin bututunta da kurom, wanda ya fi ƙarfen bututun tauri, amma babban dalilinta tsatsa ce: maganin da ke kunna albarushi a gindin kwanso yana barin wani gishiri mai jawo danshi. Bindigogi da yawa da aka ce baƙin ƙarfe ya cinye, gishirin nan ne da rashin wanki suka ci su.

Masu kare rigar suna da hujja mai kama hankali. Ƙarfen da ake yin ta da shi ya fi na bututu laushi nesa ba kusa ba, ta yaya mai laushi zai ci mai tauri? Amma ai igiyar guga ma ta fi bakin rijiya laushi, kuma kowa ya ga kwarin da take yi masa. Ga shi bututun da ya sha wuta fuskarsa ta riga ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Riga mai tauri ta fi buƙatar ƙarfi kafin tsagogi su nutse a cikinta, shafen jan ƙarfen nan kuwa siriri ne ƙwarai, ba ya hana baƙin ƙarfen taɓa bututu.

Gwajin da aka fi ambata a bainar jama'a an fitar da shi a farkon 2013. Wani kamfanin sayar da harsasai a Amurka, Lucky Gunner, ya ɗauki bindigogi huɗu iri ɗaya samfurin AR-15, da niyyar kowace ta harba harsashi 10,000. Ɗaya an ba ta na Federal mai rigar jan ƙarfe, sauran na Rasha masu rigar baƙin ƙarfe. Waɗanda suka ci Wolf da Brown Bear, kafin su wuce 6,000 tsagoginsu sun suɗe, harsashi ya fara isa allon saiti a kaikaice. Ta Federal ta kai 10,000 tana aiki. Sai dai an yi harbin ne ba ƙaƙƙautawa, bututu na ci da zafi, kuma albarushin kamfanonin ba ɗaya ba ne. Gwajin ya nuna bambancin akwai shi, bai raba wa riga kasonta da albarushi nasa daidai wa daida ba.

A ganina amsar ita ce e, tana ƙara ci, musamman a ƙaramin harsashi mai tsananin gudu da bututu mai zafi. A harsashi mai matsakaicin gudu irin na AK da bututu mai kurom, bambancin yana raguwa sosai. Maharbin da ke harba ashirin a shekara zai tsufa ya bar wa ɗansa bindigar bai ga komai ba. Masu gwajin 2013 sun buga lissafi da farashin lokacin, suka tarar kuɗin da mutum ya rage wajen sayen harsashi mai araha ya isa ya sayi sabon bututu har da canji. Lissafin da ma'aikatun yaƙi na Jamus da Sobiyet suka yi ke nan shekaru da dama kafin su, lokacin da jan ƙarfe ya yi musu ƙaranci, kuma bindigar soja a bakin daga ba kasafai take daɗewa har tsagoginta su suɗe ba.