Gusawar nahiyoyi

Gusawar nahiyoyi ra'ayi ne a kimiyyar ƙasa da ke cewa nahiyoyin duniya ba a kafe suke wuri ɗaya ba, suna matsawa sannu a hankali cikin miliyoyin shekaru. Wanda ya fi shahara da wannan ra'ayi shi ne Alfred Wegener (1880–1930), Bajamushe masanin yanayi. Ya gabatar da shi a birnin Frankfurt a shekarar 1912, ya kuma faɗaɗa shi a littafinsa na 1915. Sai da aka yi kusan shekara 50 kafin yawancin masana su amince da shi.

Hujjojin Wegener

Wegener ya ce dā can nahiyoyi a haɗe suke, dunƙule guda, wanda ake kira Panjiya, daga baya suka rabu. Ya kawo hujjoji iri huɗu. Na farko, gaɓar gabashin Amurka ta Kudu da gaɓar yammacin Afirka sun dace da juna kamar ƙwaryar da ta fashe biyu. Na biyu, an samu ƙasusuwan Mesosaurus, wata ƙaramar dabba mai rarrafe da ta rayu a ruwa, a Amurka ta Kudu da kudancin Afirka kaɗai, alhali ba za ta iya ƙetare teku ba. Haka ma burbushin tsiron Glossopteris, akwai shi a Afirka, Amurka ta Kudu, Indiya, Ostireliya da Antatika. Na uku, jerin duwatsu masu shekaru da siffa iri ɗaya suna ƙarewa a wata gaɓa, su ci gaba a ɗaya gaɓar. Na huɗu, akwai alamun tsohuwar ƙanƙara a wurare masu zafi a yau, irin su Indiya.

Suka

Masana da yawa sun ƙi ra'ayin, domin Wegener bai nuna ƙarfin da zai iya ture nahiya ba. Ya danganta abin da juyawar duniya da kuma jan da wata da rana ke yi mata. Harold Jeffreys na Birtaniya ya lissafa, ya nuna cewa wannan ƙarfi ya yi kaɗan ƙwarai. Wasu kuma suka ce dabbobin sun ƙetara ne ta wasu gadojin ƙasa da suka nutse daga baya. Ke nan hujjojin Wegener sun dace da ra'ayinsa, amma ba su kawar da sauran bayanai ba.

Sababbin hujjoji

Amsar ta fito ne daga ƙarƙashin teku. A 1952 Marie Tharp ta gano wani dogon kwari da ya ratsa tsakiyar tsaunukan da ke ƙarƙashin Tekun Atlantika. A 1962 Harry Hess ya wallafa bayanin cewa narkakken dutse yana fitowa ta irin wannan tsaga, ya daskare, ya zama sabon daɓen teku.

Wannan bayani ana iya gwada shi. Idan dutse ya daskare yana riƙe alkiblar maganaɗisun duniya na lokacinsa, alkiblar kuwa takan juya lokaci zuwa lokaci. A 1963 Fred Vine da Drummond Matthews suka ce idan Hess ya yi daidai, za a ga layukan maganaɗisu iri ɗaya a dama da hagun tsaunukan. Awon da aka yi ya tabbatar da haka. Daga 1968 jirgin bincike Glomar Challenger ya haƙo samfura daga ƙasan teku, aka ga shekarunsu suna ƙaruwa gwargwadon nisansu daga tsaunukan.

Matsayinsa a yau

Ra'ayin Wegener ya shiga cikin ka'idar motsin farantan ƙasa. An gyara kuskurensa na cewa nahiyoyi suna keta daɓen teku kamar jirgin ruwa. Abin da ke motsi shi ne manyan farantan ɓawon duniya, waɗanda ke ɗauke da nahiya da daɓen teku tare. Awon tauraron ɗan Adam ya nuna Tekun Atlantika yana ƙara faɗi da 'yan santimitoci kowace shekara. A Najeriya, Kwarin Binuwai tsaga ce da ta fara buɗewa lokacin da Amurka ta Kudu ke rabuwa da Afirka, amma ta tsaya ba ta zama teku ba.