Wutar da Ba a Ɗaure da Ƙasa ba: Inda Ƙa'ida ta Yarda da Tsarin IT a Birnin Sakkwato

Tsakure

Maƙalar ta duba wuraren da ƙa'idojin haɗa wuta suka yarda a bar layin lantarki ba a ɗaure shi da ƙasa ba, ta kuma auna su da yadda ake aikin wuta a Sakkwato. Ta nuna cewa izinin yana tafe da sharuɗɗa masu tsauri, kuma ba ya rufa wa sakaci asiri.

Gabatarwa

Wutar da kamfanin Kaduna Electric ke rabawa a Sakkwato tana fitowa ne daga taransifomar unguwa wadda aka ɗaure tsakiyarta, wato nutiral, da ƙasa. Hikimar ita ce, in waya ta kware ta taɓa jikin firji, wuta mai yawa ta kwarara, fis ya yanke kafin ta ja mutum. Ƙa'idojin NESIS na 2015 da hukumar NERC ta fitar su ne ma'auni a Najeriya, hukumar NEMSA kuma ke duba aiki. Ƙa'idar duniya ta IEC 60364 ta kasa haɗin gida uku: TN da TT da IT. Na ukun ne kaɗai ba a ɗaure tushen wutarsa kai tsaye da ƙasa, ko da yake jikin na'urori dole a ɗaure shi.

Inda aka yarda

Ɗakin tiyata ne babban misali. Likita ya buɗe ciki, na'urar numfashi na aiki, sai waya ta taɓa ƙarfe. A haɗin TN ko TT wuta ɗaukewa za ta yi nan take. A tsarin IT kuwa, lahanin farko ba ya samun hanyar komawa, sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, aiki ya ci gaba. Shi ya sa sashe na 7-710 na IEC 60364 ya wajabta shi a ɗakunan tiyata da na kulawa ta musamman, irin waɗanda ake da su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Sai dai akwai sharaɗi. Taransifomar keɓewa kada ta wuce kVA 10, kuma dole a kafa na'urar sa ido wadda za ta yi ƙara ta kunna fitila da zarar ƙarfin rufin waya ya sauka zuwa kilo-om 50. Dalili kuwa, lahanin farko yana mayar da layin tamkar an ɗaure shi da ƙasa. In na biyu ya zo a wata waya kafin a gyara, to nan ake yin ta. Ƙararrawar da ba mai amsa ta ba ta da maraba da babu.

Masana'antun da tsayawar inji ke jawo musu asara su ma an ba su wannan dama, haka ƙaramar wutar da ba ta wuce bolt 50 ba in an keɓe ta yadda ya kamata. Norway ma ta daɗe tana raba wutar gidaje da tsarin IT, amma wannan tarihinta ne.

Halin da ake ciki a Sakkwato

A nan ake ruɗewa. Mai aikin wuta kan haƙa rami, ya kafa sandar tagulla, ya zuba gawayi da gishiri, ya kwara ruwa. Da damina lafiya lau. Zuwa Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙasar ta bushe ƙamas, sandar ta kusa zama ado. Ga ƙananan janareta da inbatar sola, waɗanda da yawansu ba a ɗaure nutiral ɗinsu da jikinsu. Da an juya musu layin gida gaba ɗaya, gidan ya koma wutar da ba ta da ƙasa, ba kuma na'urar sa ido. Wannan ba tsarin IT ba ne, kamarsa kawai ya ɗauka.

Ya kamata NEMSA da injiniyoyin asibitoci su riƙa auna sandunan ƙasa a tsakiyar bazara, ba bayan ruwan Agusta ba, su kuma gwada ƙararrawar ɗakin tiyata a gaban ma'aikatan jinyar da za su ji ta.