Dashen huhu: alamomin jini da ke nuna jiki ya fara ƙin sabon huhu

Dashen huhu aiki ne da ake yi wa wanda huhunsa ya lalace har magani ya kasa. Likita James Hardy ne ya fara gwada shi a Amurka a 1963, amma majinyacin kwana 18 kawai ya yi. Sai a 1983 aka samu nasara mai ɗorewa a Toronto ta ƙasar Kanada. Har yau babbar matsalar ita ce garkuwar jiki, wadda ke ɗaukar sabon huhun a matsayin baƙo, ta far masa.

Garkuwar tana gane baƙo ne ta wasu tambura da ke kan ƙwayoyin jiki, waɗanda ake kira HLA. Bafaranshe Jean Dausset na cikin waɗanda suka samu kyautar Nobel a 1980 saboda gano su. Don kwantar da garkuwar, majinyaci zai riƙa shan magunguna irin su takrolimus har ƙarshen rayuwarsa. Duk da haka, kusan rabin waɗanda aka yi wa dashen huhun nasu kan samu rauni mai ɗorewa cikin shekaru 5.

Hanyar da aka fi dogara da ita wajen tabbatar da harin ita ce a zura siririn bututu ta hanci ko baki, a tsinko ɗan naman huhu a duba. Aikin yana iya jawo zubar jini ko tsiyayar iska cikin ƙirji, kuma ana iya tsinkowa daga wurin da ke lafiya. Shi ya sa masana ke neman amsa cikin jini.

Alamomin da ake aunawa iri uku ne. Na farko su ne sinadaran da ƙwayoyin garkuwa ke kiran junansu da su, kamar CXCL9 da CXCL10 da IL-6, waɗanda ke ƙaruwa idan faɗa ya tashi. Na biyu su ne makaman da jiki ke ƙerawa musamman don HLA ɗin mai kyautar huhun. Samun su alama ce ta haɗari. Na uku su ne gutsattsarin ADN na mai kyautar: idan ƙwayoyin sabon huhu suna mutuwa, sukan zubo cikin jinin majinyaci, yawansu ya hau.

Sai dai waɗannan alamomi ba su faɗin wanda ya tayar da faɗan. Huhu yana shaƙar iskar waje kullum, don haka ciwon sanyin haƙarƙari ko ƙwayar cutar CMV kan iya ɗaga alamomi na farko da na uku. Kuma maganin lamuran biyu ya saɓa: idan garkuwa ce ke hari, ƙara danne ta ake yi, idan kuwa ƙwayar cuta ce, danne ta na iya halaka majinyaci.

Saboda haka likitoci na ɗaukar awon jini a matsayin gargaɗi. Idan gutsattsarin ADN ba su hau ba, kuma majinyaci yana numfashi lafiya, wasu cibiyoyi kan ɗage aikin bututu. Idan sun hau, sai a haɗa da awon ƙarfin numfashi, da hoton ƙirji, da binciken ƙwayoyin cuta, kafin a yanke shawarar maganin da za a ba shi.