Tarihin Vim Da Yadda Ya Iso Ɗakina A Gaya

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, tarihin abin da nake rubuta labarin da shi ne.

A littafin makaranta na fara rubutu, in kai Kano a buga mini, a dawo mini da shi babu ƙugiya ko ɗaya, ƙasa ta koma kasa. Da na sami tsohuwar kwamfuta kuma, sai nauyi ya hana ta sakat. Ɗan yayata na Ajingi, mai karatun kwamfuta a jami'ar Wudil, shi ya ce, "Kawu, ni ma na bar VS Code na koma Vim, bari in sa maka."

Asalin Vim wata manhaja ce mai suna vi, wadda ɗalibi Bill Joy ya rubuta a 1976 a jami'ar Berkeley ta Amurka. Layin da yake aiki da shi harafi kamar 30 kawai yake kawowa a daƙiƙa, dole ya yi tattalin kowane dannawa. Sai ya raba aikin gida biyu: akwai yanayin rubutu, akwai yanayin umarni. A na biyun, h, j, k, l su ke yawo da kai a shafi, babu linzami, x kuma ya goge harafi. A 1991 Bram Moolenaar, mutumin Holan, ya fito da Vim kyauta, daga baya kuma ya riƙa roƙon masu amfani da shi su taimaki marayun Kibaale a Uganda. Ya rasu a 2023.

Makon farko na sha wuya. Na yi ta buga zance ban san ina yanayin umarni ba, rabin babi ya watse. Har na fara salati, yaron ya danna u, komai ya dawo. Ya kuma shirya mini ƙ, ɗ da ɓ a kusa da yatsa.

An ce maƙeran da suka fara zama a Dala daga Gaya suka tashi, kuma maƙeri ba ya raina guduma don ta tsufa. Abin da aka ƙera saboda rashi shi ya dace da mu, masu tsohuwar na'ura da wutar da ba ta zama. Yanzu littafina na uku ke nan a cikinsa.

Sai mun haɗu a babi na gaba, in Allah Ya kai mu.